Na Yi wa Cikina Karatu, Surukata Ta Ƙona Littafin

Uwar mijina ta ƙona mini littafin karatu. Ta tura shi cikin murhu ta tafasa madara da shi, ina ɗauke da tsohon ciki, kuma har yau da nake wannan rubutu ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Na daina jira. Na faɗa tun da wuri ne don kada wani ya ɗauka labarin tsohuwa mai kuka da roƙon gafara zan kawo. Tsohuwar tana nan da ranta da lafiyarta, yanzu haka tana tsakar gida tana faɗa da kaji, kuma duk wanda ya tambaye ta cewa za ta yi iska ce ta kai littafin wuta.

Edita, ina gaishe ka da abokan aikinka. Ka yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba. Ni 'yar Ngizim ce, haifaffiyar Mamudo, aure ya kawo ni unguwar Yerimaram a cikin Potiskum. Maigidana Bafulatani ne, dillalin shanu. Su mutanen daji ne da ciwo ya share musu garke, mahaifinsa ya rasu, shi kuma ya ɗauko mahaifiyarsa suka zauna gari. Inna muke ce mata. 'Yan'uwanta na ruga suna aiko mata da madara, ita kuma ta kaɗa nono ta cire mai, mutanen unguwa suna shigowa saye. Ni a lokacin ƙosai nake toyawa da safe, kuma ba zan ɓoye ba, an fi sanina da baki fiye da ƙosan. Ba na barin magana ta kwana a cikina. Na daɗe a gidan ban haihu ba. Na yi ɓari sau ɗaya, daga nan shiru, har mata suka gaji da kallon zanina.

Ba a daɗe da ba mu jihar Yobe ba aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a wata firamare kusa da mu. Bayan azahar ake yi, idan yara sun tashi. Na shiga ne saboda haushi, ba don wata sha'awa ba. An ba ni magani a asibiti an rubuta yadda zan sha a jikin takarda, na dawo gida na rasa wanne ne na safe wanne ne na yamma, sai da na bi gida-gida ina neman mai duba mini. Na ce ba za a sake ba. Haka na je na zauna a kan ɗan bencin da aka yi don yara, gwiwoyina suna dukan tebur, na fara da baƙi da wasali. Maigidana bai hana ba. Cewa ya yi ko ba komai bakin zai sami inda zai huce kafin ya dawo daga kasuwa.

Ina cikin shekara ta biyu a ajin Allah ya ba ni ciki. Ban gaya wa kowa ba, don a wurinmu ba a faɗa. Ciki shi ke faɗar kansa. Balle cikin ɗan fari, balle a gaban suruka Bafulatana. Inna ta gane tun kafin ɗanta ya gane, amma ba ta taɓa furta kalmar ba, ni ma haka. Sai dai ta ajiye mini ƙwaryar kindirmo a bakin ɗaki ta wuce, ko ta karɓe gugan daga hannuna ta ce igiyar ta tsufa za ta yanke ni. Idan ya zama dole ta yi zancen, sai ta ce baƙon da ke tafe. Mun zauna lafiya a haka, ni da ita, kowa yana yin kamar bai ga abin da yake ƙara girma a tsakaninmu ba.

Wata rana a wurin awo, ma'aikaciyar da ke yi mana bayani ta ce idan ciki ya yi nisa yaro yana jin muryar uwarsa, kuma idan ya fito yakan gane ta. Ta ce mu riƙa yi masa magana, ko waƙa, mai iya karatu ta karanta masa a fili. Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Wata a bayana ta ce to ai sai a saya masa fensir tun yanzu. Ni ban yi dariya ba. Na tuna yadda na zauna da furfura ɗaya-biyu a kaina ina koyon abin da yaro ɗan shekara shida ya sani, na ce wannan ba zai makara kamar uwarsa ba. Amma ta yaya zan zauna in yi hira da cikina a gidan da ba a ko ambatonsa? Wannan rashin kunya ce ko a wurina, mai bakin. Sai dabara ta zo mini. Ni dama ban iya karatun zuci ba, sai na ɗora yatsa a kan layi na faɗa da ƙarfi sannan yake shiga kaina. To ai shi ke nan. Karatu karatu ne, babu wanda zai ce da wani nake yi.

Daga ranar, da na sauke kaskon ƙosai sai in shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar maina da ke tsakar gidanmu, in miƙe ƙafa, in ɗora littafin a kan tudun cikin in fara. A cikin littafin ajinmu akwai darasin tace ruwan sha, da na wata mata da ta shuka zogale a bayan ɗakinta, da labarin wani mutum da ya je sayen akuya ya dawo da agwagwa. Na karanta su har na haddace. Da suka ƙare mini sai na koma kan tsofaffin jaridun Hausa da nake saye don naɗe ƙosai. Baƙon nan ya sha labarin rabon taki da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyyar mutanen da ni ma ban sani ba. Kuma wallahi yana motsi. Idan na yi tuntuɓe a kan doguwar kalma na sake ta na sake ta, sai in ji ya harba ni a ƙarƙashin haƙarƙari kamar mai cewa wuce mana. Ban taɓa jin daɗin zaman duniya irin na waɗannan safiyoyin ba.

A nan ne abin ya fara. Inna dama a ƙofar ɗakinta take kaɗa nono, can gefen katanga, tana jijjiga gora tana waƙarta ta Fillanci ƙasa-ƙasa. Sai na lura kullum na fara karatu, ita ma sai ta ɗauko gorar. Yau ta zauna kusa da randa, gobe kusa da turmi, jibi ga ta a inuwar mainar, muna kusan gogayyar kafaɗa, waƙar kuma tana ƙara ƙarfi. Ni da nake fama da haɗa baƙi, ga ƙarar gora ga waƙa a kunnena, duk sai in rikice. Na ɗauka neman faɗa ne. Na ce a raina tsohuwar nan baƙin ciki take da bokona. Na daure har na gaji, rannan na juya na ce mata don Allah ta rage murya ko ta koma ƙofar ɗakinta, ina abu mai muhimmanci. Haka na faɗa, abu mai muhimmanci. Ta dube ni, ta ɗauki gorarta ta koma can gefen katanga. Daga ranar ta daina waƙa. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce yauwa, an san matsayin ilimi.

Bayan wannan sai ta ɓullo da zancen iskoki. Ta ce wa ɗanta mace mai nauyi ba ta fita da tsakar rana, ga ni kullum ina keta rana zuwa makaranta. Ta ce zama a gindin bishiya ana surutu ni kaɗai kira ne ga abin da ba a gani. Na ce in haka ne me ya sa idan na karanta surorin da na haddace a wuri ɗaya, da murya ɗaya, ba ta cewa komai? Ta juya ta ci gaba da aikinta. Maigidana mutum ne da zai iya sasanta mai saniya da mai saye suna zage-zage, amma ya shigo gida ya ga mace biyu sun haɗe rai sai ya tuna yana da alwala. Ya ce mu yi haƙuri da juna ya fice.

Ranar wata Juma'a 'ya'yan yayan mijina suka zo daga unguwar Hausari gaishe ta, kamar yadda suka saba. Ina gani ta tarbe su da Fillanci, tana tambayarsu gida da iyayensu, su kuma suna amsawa da Hausa. Ƙaramar cikinsu ta kwaikwayi yadda kakar tasu take karya Hausa, sauran suka fashe da dariya. Ni ma na murmusa, Allah ya yafe mini. Ta zuba musu nono suka sha suka tafi. Na shiga wanka na bar littafina a kan tabarma. Da na fito babu shi. Na duba ƙarƙashin tabarma, na duba ɗaki, sai hancina ya kai ni murhu. Bangonsa kawai na zaro, rabi ya ci wuta, ga madara tana tafasa a kai, ga Inna tana fifita wutar kamar ba ta san da ni ba.

Abin da na gaya mata a ranar ba zan iya rubuta shi duka ba. Maƙwabta sun leƙo ta katanga. Na ce mata jahila. Na ce duhun kai ne ya sa take jin tsoron takarda, na ce ita da shanun ruga babu wanda ya fi wani sanin abin da duniya take ciki. Ita kuwa ta ci gaba da fifita wutarta. A kan haka maigidana ya shigo daga masallaci, ya ji ƙarshen maganar da kunnensa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce makaranta ta ƙare daga yau, kuma in haɗa kayana, da safe zai sa ni a mota in tafi Mamudo wurin iyayena in haihu a can, dawowa kuma sai ya neme ni. Kowace mace ta san abin da sai na neme ki yake nufi. Aji zai tafi, watakila ɗakin ma ya tafi, a daidai lokacin da na samu abin da na yi shekaru ina roƙo.

Na shiga ɗaki na ɗaure kaya ina huci. Bayan la'asar, da gidan ya yi tsit, na ce ba zan bar garin nan ba sai na ji dalili daga bakinta. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana wanke ƙwarya. Ban durƙusa ba, a tsaye na tsaya. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, aljanu take tsoro ko ni ce ba ta son in ci gaba? Na ce ma'aikaciyar asibiti ce ta ce baƙon yana ji, ba ni na ƙirƙira ba, in ba ta yarda ba ta je ta tambaya. Wannan ne karo na farko da na ambace shi a gabanta. Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar. Sannan ta yi magana, da karyayyar Hausarta, idonta a kan ruwan.

"Sai likita ya gaya mini yana ji? Maraƙi yana faɗowa ya san kukan uwarsa a cikin garke. Na san yana ji, 'yar nan. Waɗancan jikokin duk Hausa ta kwashe mini su. Wannan na ce ko shi zai amsa mini gaisuwa, ke kuma kin tare shi tun a hanya. Na matso in sa masa tawa muryar, kin ce in koma gefe."

Ta zubar da ruwan ta shige ɗaki. Na tsaya a wurin ina juya maganarta. Ashe gorar nan da take matsowa kullum ba da ni take ba. Ni da ita abu ɗaya muke yi a gindin bishiya ɗaya, kowa ta fake da abin hannunta, ni littafi ita gora, don babu mai iya cewa ga wanda take yi dominsa. Ita ta gane nawa. Ni mai zuwa makaranta ban gane nata ba.

Na koma ɗaki na zauna a kan ƙullin kayana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tuna kakata a Mamudo. Da Ngizim take mini magana ina amsa mata da Hausa, har ta rasu. Yau in aka ce in yi hira da yaren ubana, gaisuwa da sunan abinci ne kawai za su fito, sai zagi guda biyu. Ban taɓa tambayar kaina yadda ta ji ba. Ga shi zan tafi da jikan wata tsohuwar in yi mata irin wannan, har ina ganin ni ce aka zalunta.

Kafin in faɗi abin da na yi, bari in faɗi dalilin rubutowata, don na san halina, in na kai ƙarshe ba zan dawo ba. Allah ya sauke ni lafiya, a ɗakina na Yerimaram, ba a Mamudo ba. Tsohuwar ce da kanta ta ce wa ɗanta wa ya aike shi korar mata suruka, faɗan mata ina ruwansa. Baƙon ya zo mace, aka sa mata sunan Inna, don haka sunan ya fi ƙarfin bakina ta fuska biyu. Bayan arba'in na koma aji da goyo a baya, na gama, ga shi yau ina rubuta wa mujalla da hannuna. Littafi kuwa, ana saura kwanaki in haihu na tsinci sabo a cikin kwandon wakena. Launin bangonsa ɗaya da wanda aka ƙona, amma da na buɗe sai na ga na lissafi ne. Da launi ta saya. Na tambayi kowa a gidan, kowa ya ce bai sani ba, ita kuma ta ce watakila iskar da ta ɗauki wancan ce ta dawo da wannan. Haka baƙon ya ƙarasa kwanakinsa yana jin biyu a tara da biyu.

Yarinyar yanzu ta shiga firamare. Bakinta ya buɗe da wuri, kuma bai rufu ba har yau, babanta yana cewa ba sai an tambayi inda ta gado ba. Ba zan rantse cewa karatun ciki ne ya sa ba, ni ba likita ba ce, Allah ne ya san rabon kowane abu. Abin da na gani da idona shi ne, tana jaririya in ta ɓare baki abu biyu ne suke sa ta shiru, labarin mai akuya da agwagwa, da waƙar kaɗa nono. Yau tana faɗa da kakarta da Fillanci, ta juyo ta fassara mini da Hausa, kuma ina zargin ba duka take fassarawa ba.

Don haka 'yan'uwana mata, musamman irina da muka shiga aji da girma, ku yi wa abin da ke cikinku karatu, ku yi masa magana, babu kunya a ciki, ni na yi kuma zan sake. Amma ku kula da wani ciwo da yake kama mu. Mace ta koyi haɗa baƙi jiya, yau ta ga duk wanda bai riƙe fensir ba ba shi da abin faɗa. Kunnen yaro ba ɗakin haya ba ne da za a ce ya cika. Idan akwai tsohuwa a gidanku mai yaren da yake ƙarewa a bakinta, Bolanci ne ko Karekare ko Barbarci, kada ku ce ta koma gefe. Kuma in kun ga babba yana abin da ba ku gane ba, ku tambaya tun bakinku bai yi muku ɓarna ba. Ƙona littafi laifi ne, ban janye ba. Amma ni na fara kashe mata waƙa.

Washegarin ranar da aka ƙona littafin, da asuba ban kunna wutar ƙosai ba. Maigidana ya fito ya ce in ɗauko kayan, mota za ta cika, na ce ya je kasuwarsa, ina da aiki a gida, in ya dawo ya ga har yanzu korar ce sai ya kore ni da yamma. Na ɗauki tabarmata, na wuce gindin mainar ban tsaya ba, na kai ta har gefen katanga na shimfiɗa a ƙofar ɗakin Inna. Ta fito da gorarta ta gan ni. Na durƙusa iya yadda cikin ya bar ni, na gaishe ta da guntun Fillancin da na tsinta, na san na karya shi don na ga gefen bakinta ya motsa. Na zauna dab da ita har gwiwata tana taɓa tata. Na ce ina so ta koya mini waƙar nan ta kaɗa nono.

Ta fara ƙasa-ƙasa, tana kallon katanga.

"Inna, ki ɗaga murya," na ce. "Kwanan nan kunnena ya yi nauyi."

Ta dube ni, ta saci kallon gaban zanina, ta kawar da kai. Sannan ta jawo gorar ta matso.